Sifiroket da zoben kulle da suka kafe a hob ɗin wani keken fiksi

Keken fiksi bashi da firiwil, wannan shine abu na farko da ya kamata mutum ya riƙe kafin ya kusanci tayar bayansa da sifana. Sifiroket ɗin, wato ƙaramin faranti mai haƙora na baya da cen yake ja, a ɗaure yake kai tsaye a jikin hob, cibiyar tayar, in taya na juyawa dole feda ma ta juya, babu maganar ka saki ƙafa keke yana gangarawa kana hutawa. Asalinsa keken tsere ne na filin da ake zagayawa, irin wanda aka gina a babban filin wasa na Abuja lokacin wasannin Afirka na 2003, a Japan kuma tun 1948 suke tseren keirin da irinsa har caca ake yi a kai. Daga baya masu kai saƙo a birnin New York suka fito dashi kan titi saboda bashi da tarkacen da zai dinga lalacewa, samari suka gani suka ɗauka ya zama yayi a shekarun 2000, to yanzu da yayin ya lafa shine jefi-jefi zaka ganshi ya faɗo cikin kekunan gwanjo da ake shigo mana dasu.

Irinsa ɗan yayata ya tsinta a wajen masu gwanjo. Firam na ƙarfe, taya mai girman 700c, hob na alminiyam mai fuska biyu, gefe ɗaya na fiksi ɗaya gefen kuma tiredin firiwil ne amma ba'a ɗaura masa komai ba. Farantin gaba haƙori 48, sifiroket ɗin baya 16. Wato duk zagaye ɗaya na feda taya zatayi uku cif, ga yaron da bai saba ba wannan akwai nauyi wajen tashi musamman a cikin gari inda kowane taku sai adaidaita ta tare ka. Akwai kuma wani abu da na lura dashi a tayar bayan, wuri ɗaya ne tak ya cinye har zare ya fara leƙowa alhali sauran jikinta lafiya lau. Lissafi ne ya jawo haka ba sharrin taya ba, tunda 16 ta shiga 48 sau uku babu saura, duk sanda mai keken na da ya ƙame ƙafa don taya ta ja ƙasa, wuri ɗayan nan ne yake gogar kwalta. In aka sa mai haƙori 17 wuraren sun zama 17, nauyin kuma ya sauko zuwa wajen 2.8. Shawarar da na bashi kenan, ya samo sabon sifiroket ɗin, aikin da bai kamata ya wuce minti goma ba.

Da yamma ya kirani. "Kawu, abin nan fa yaƙi fita, yaron shagon ya daka ya daka har ya gaji."

Sai an fahimci yadda aka ƙera gefen fiksi na hob kafin a gane me ya faru a shagon. Tiredi hawa biyu ne a wurin, kamar matakala. Na ciki yafi kauri, inci 1.37 wato kusan milimita 34.8, zare 24 a kowane inci, kuma na dama ne irin na kowane noti, shi sifiroket yake hawa. Na wajen yafi siranta, inci 1.29 kusan milimita 32.8, shi kuma na hagu ne, nan ake ɗaura zoben kulle. Hikimar itace in kana taka feda gaba sifiroket ƙara ɗaurewa yake, in kuma ka danne feda baya don rage gudu zai nemi kwancewa, to yana fara juyowa sai ya goga zoben, zoben kuma tunda nashi zaren a juye yake sai wannan gugar ta ƙara ɗaure shi. Kowanne na tsare da ɗan'uwansa. Ma'ana zobe ake fara cirewa, kuma ta yadda hannun agogo yake tafiya ake kwance shi, sannan sifiroket ta hagu yadda aka saba.

Yaron shagon bai taɓa ganin irinsa ba, oga kuma baya nan. Ya fara da sifiroket, ya naɗa masa tsohon cen ya ja ta hagu da iya ƙarfinsa, ya ɗan motsa kaɗan ya je ya tokare zobe. Da yaga haka sai ya koma kan zoben da sukudireba da hama, yana bugunsa ta hagu shima, wato yana ƙara ɗaure shi da kowane bugu. Da na ga tayar, ƙofofin nan da ake maƙala sifanar ƙugiya a jikin zoben duk sun baje, bakinsu ya lanƙwashe ya koma gangare, ɗaya ma sukudireban ya zame ya kafta wa jikin hob tabo mai sheƙi dab da ramin sifok. Ban ga laifin yaron sosai ba gaskiya, duk wanda ya tashi cikin Phoenix da Hero da Raleigh bashi da dalilin sanin wannan.

Amma bugun ba shine kaɗai matsalar ba. Da na goge wurin da tsumma sai ga wani farin gari-gari a tsakanin sifiroket da hob, ba jar tsatsar da muka sani ba. Wannan tsatsar alminiyam ce. In ƙarfe da alminiyam suka haɗu babu giris a tsakani, ruwa ya shiga, musamman ruwan gishiri irin wanda suke watsawa a tituna lokacin ƙanƙara a Turai ko iskar bakin teku, alminiyam ɗin ne yake cinyewa, kuma abinda yake zama yafi asalin ƙarfen cin wuri, sai ya cika 'yan ramukan zaren ya ƙame kam. Ka haɗa wannan da shekarun da wani ƙato yayi yana taka feda yana ƙara murɗa shi, ka gane cewa ko da yaron ya bi hanyar daidai da wuya abin ya fita cikin sauƙi.

Washegari muka koma da tayar da firam ɗin gaba ɗaya, muka tarar da baban shagon, dattijo ne da ya daɗe a sana'ar. Ya juya tayar a hannu ya kalli zoben, ban ma gama bayani ba yace "Malam ai wannan irin murfin firiwil ne, baibai ake kwance shi." Kuma gaskiyarsa, murfin da suke buɗewa da fanci in zasu zuba wa firiwil sabon boris shima zaren hagu ne, haka fedar hagu. Ya juya ya kalli yaron nasa, "kai kuma in abu yaƙi, tsayawa ake a tambaya." Iyakar faɗan kenan.

Abinda na dage a kai tun farko, wanda a ganina shine ainihin maganar gaba ɗaya, shine mu yanke shawarar me zamu iya asara da me bazamu iya ba kafin a sake ɗaga hama. Abu uku ne a wurin. Sifiroket dama canza shi za'ayi, ko ya karye babu damuwa. Zobe ɗan ƙaramin ƙarfe ne mai araha, samunsa ne kawai sai an aiko. Hob kuwa in zarensa ya tafi shikenan, kuma shine mafi laushi a cikinsu, wurin da zoben yake hawa 'yan zare ne ƙalilan na alminiyam da ba'a iya sake yankawa, sai dai ka nemo wani hob ɗin mai faɗin milimita 120 irin na fiksi wanda ba'a tallansa a kasuwarmu, a warware sifok duka a sake saƙa taya. Don haka duk dabarar da zata sa nauyi a kan zaren hob mun ajiye ta, duk wadda zata ci zobe ko sifiroket mun yarda. Wani da yake zaune a benci ya kawo shawarar a yanke sifok a cire hob ɗin shi kaɗai a kai wa mai walda, wai zai fi sauƙin riƙewa. Wannan ita ce shawara mafi muni da aka bayar ranar, in ka raba hob da rim ka zubar da babban abin murɗawar da kake dashi, hob tsirara babu inda zaka kama shi ba tare da ka murƙushe shi ba.

Farko muka mayar da sifiroket inda yake. Abin zai yi wa mutum kamar komawa baya amma dole ne, tunda yaron ya jawo shi ya matse zoben, muddin yana tokare dashi zoben bazai motsa ba ko da ƙofofinsa lafiya suke. Babu sifanar cen, wato mariƙin ƙarfe mai guntun cen da ake kama sifiroket dashi, a shagon, sai mukayi dabarar da 'yan fiksi suke ce wa rotafix. Ana mayar da taya kan firam a ɗaure notinta na 15, a sauke cen daga farantin gaba ya kwanta a kan bututun da shaf ɗin feda yake ciki, a sa tsumma mai kauri a ƙarƙashinsa don kar ya ci fenti, sannan a naɗe ragowar cen ɗin a kan sifiroket har ya hau kan kansa ya cije. Daga nan sifiroket ya tsaya cak, taya kake juyawa. Ka juya ta baya ya ɗaure, ka juya ta gaba ya kwance. Muka juya baya, aka ji ɗan ƙiii, ya koma kamar kaurin farce. Dabarar nan tana da ƙarfi fiye da yadda mutum yake zato, in ka zage a wajen ɗauri zaka iya tsige zaren hob da hannunka, don haka kaɗan mukayi muka tsaya.

Sai jiƙo. Baba ya zare shaf ya fitar da boris biyun, irin rufaffun nan ne masu lamba 6000, ɗaya dama ya fara ƙara. Aka kwantar da tayar gefen fiksi na sama, aka ɗiga kananzir haɗe da man giya na mota a zagayen zoben da bayan sifiroket, ana ɗan ƙwanƙwasa haƙoran da ƙaramar hama a hankali don girgizar ta taimaki man ya sauka. Mun barta 'yan kwanaki a haka, duk wanda ya tuna ya ƙara ɗigo. Gaskiyar magana mai yana aiki a kan jar tsatsa fiye da wannan farar, ita bata narkewa a mai, amma yana rage gardama in abu ya fara motsi, kuma bai ci mana komai ba.

Maganar wuta ce muka fi daɗewa muna ja. Baba yace a kai wa mai walda ya hura masa gas, haka yake yi wa notin amalanke. Nace Baba a yi haƙuri, wannan alminiyam ne a ciki. Dalili biyu na bashi. Na ɗaya alminiyam yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, kuma a nan shi ne a ciki ƙarfe a waje, to in ka gasa su tare ƙara matsewa zasuyi lokacin da suke da zafi, ba kamar noti a kan bol ba. Na biyu alminiyam baya yin ja ya gargaɗe ka, yana nan da kalarsa har ya kai wajen digiri 660 ya zube, kuma tun kafin nan ƙwarinsa ya riga ya tafi. Amfanin zafi a nan kawai shine kumbura da tsukewar da suke yi ba tare ba tana farfasa wannan farin ɓawon. Muka daidaita a kan ƙaramin risho na gas, aka goge man tas saboda kananzir ne, aka cusa jiƙaƙƙen tsumma a cikin hob da bayan sifok, ana ɗumama zobe da haƙoran sifiroket kaɗai har in ka ɗiga ruwa yayi cuu, a barshi ya huce, a sake.

Duk da haka zoben bai fita ta hanyar mutunci ba. Baba ya sa fayil ya gyara bakin ƙofa biyu suka koma tsaye, ya kafa fanci mai faɗin baki ya buga ta hannun agogo, ƙarfen ya riga ya gaji, bakin ya sake bajewa. Kowane bugu kuma zaren da muke tsaro ne yake shansa ta ƙasa. Nan muka haƙura dashi muka ce a fasa.

Zarto baya shiga wurin yadda ake so saboda zoben a manne yake da fuskar sifiroket, sai dai a karkace. Abinda akayi shine aka zaɓi ƙofar da tafi zurfi, inda naman zoben yafi siranta, aka ɗan buga alama da fanci, aka huda da siririn bakin dirila na milimita 2 daga sama, rami biyu a jere daga waje zuwa ciki, na cikin aka barshi da ɗan tazara bai kai ga zare ba. Wannan wurin Baba da kansa ya riƙe dirilar, gilashinsa a kan hanci, yana hudawa yana tsayawa yana hure garin ƙarfen, baya ko amsa sallamar masu wucewa. Da ya rage 'yar gada siririya sai ya sa ƙaramin cizil a ramin ya buga sau ɗaya, ba zuwa cikin hob ba, a kaikaice ta yadda bugun zai buɗe zoben kuma ya tura shi ta hannun agogo. Ya tsage. Zobe in ya tsage ya saki duk matsin da yake dashi, da filaya aka ƙarasa juyo shi. Ƙarƙashinsa fari fat da gari, babu alamar an taɓa shafa masa giris tun daga kamfani.

Saura sifiroket. Za'a iya komawa rotafix a juya taya gaba, amma na ji tsoron firam ɗin da cen ɗin ɗan yayata, tunda ƙarfin da ake nema yanzu ya wuce na farko nesa. Bayis, wato matsen ƙarfe, muka nema a wajen maƙwabcinsa mai walda, wanda yake kafe a kan tebur na ƙarfe. An yi sa'a cen ɗin fiksi mai faɗin 1/8 na inci ne, daidai da na tsofaffin kekunanmu na gida, don haka Baba ya jawo guntu daga tarin tarkacensa ya zauna a haƙoran daram. Aka zagaye sifiroket dashi, aka haɗe bakin biyun aka matse a bayis dab da haƙora, taya tana kwance a sama sifiroket a ƙasa. Ba'a matse sifiroket ɗin kansa a bayis, in ya lotse ya koma kamar ƙwai zai cije zaren hob ya taho dashi. Taya kuma an bar mata iskarta don hannu ya samu abin kamawa, rim ma ya samu kariya.

Daga tsakiyar hob zuwa bakin taya wajen santimita 34 ne, kuma hannu biyu kake sawa ɗaya na turawa ɗaya na ja, sifanar cen ta kanti kuwa tsawonta bai wuce haka ba kuma hannu ɗaya ce, ga zamewa. Ka kama ta kamar sitiyarin tirela ka murɗa hagu. Ni da ɗan yayata muka kama, shi can ni nan, Baba na dafe da tsakiya don kar ta karkace cen ya suɓuce, yana cewa "a hankali, banda fizga, ku dai ƙara nauyi." Sifok suka fara ƙananan kuka, tin tin, sannan aka ji ƙas mai ƙarfi har mai waldan ya ɗago. Yaron ya zaci hob ne ya fashe. Ba shi bane, haka yake yi in ya saki.

Nan ma akwai inda ake ɓata aiki bayan an ci nasara. In ya saki ba'a zuba masa gudu a kwance shi gaba ɗaya, garin nan da ɓarɓashin alminiyam suna cikin zaren, in ka matsa sai su dunƙule su yi ta yagar zare suna tafiya. Kwata ake juyawa a dawo, a ɗiga mai, a ƙara kaɗan a dawo, duk inda aka ji ya yi tauri a tsaya a koma baya. Ya ɗauki lokaci kafin ya fara tafiya da hannu. Da ya fita aka wanke zaren da kananzir da tsohon buroshin haƙori, Baba ya bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da bakin allura. Zaren sifiroket lafiya, sai dusashewar kala. Na zobe kuwa rabin zaren farko na waje ya tafi, inaga tun bugun ranar farko ne, sauran suna nan da kaifinsu.

Sabon sifiroket ɗin an shafe zarensa da giris sosai, aka sa kafaɗarsa tana kallon sifok don layin cen ya miƙe da farantin gaba, aka fara da yatsu har ya zauna, in ya ƙi tafiya da yatsu a zagayen farko to a karkace ya hau, a fito dashi. Boris sababbi biyu aka samo wajen masu kayan injin, lamba 6000 bata wuyar samu. Tayar ta ɗan yi rawa bayan murɗar da ta sha, Baba ya bi sifok ya daidaita.

Zoben ne ya tsayar damu. Wanda ake samu a kowane shago, na shaf ɗin feda, inci 1.37 ne kuma zaren dama, bazai hau ba sam. Har a cikin na fiksi ma ba duka suke ɗaya ba, kamfanonin Campagnolo da Phil Wood nasu 1.32 ne, tsofaffin na Faransa milimita 33, in ka tilasta wanda ba nashi ba a kan 'yan zaren da suka rage ka ƙarasa su. Hob ɗinmu na gama-gari ne, 1.29 muka sa a aiko. Ɗan yayata yaso ya hau haka nan babu zobe tunda sifiroket ya ɗauru tam, na hana, ranar da ya danne feda baya a gaban mota abin zai iya kwancewa ƙafarsa ta tafi a banza. Aka juya tayar aka ɗaura firiwil na gida mai haƙori 18 a ɗaya gefen, tiredinsu ɗaya da na sifiroket, Baba ya ƙara masa birkin baya tunda na gaba kaɗai keken yazo dashi, da haka ya dinga zuwa makaranta kafin saƙon ya iso.

Da zoben yazo mun haɗa da sifanar ƙugiya tashi, Baba ya riƙe ta a shago. Aka shafa giris aka ɗaure ta hagu, ɗan yayata ya hau ya taka da ƙarfi a tsaye ba tare da ya danne baya ko sau ɗaya ba, ya dawo, sifiroket ya ƙara shigewa kaɗan kamar yadda ake tsammani, aka sake bin zoben ya ƙara cin kusan kwatan zagaye. Tunda zare ɗaya ya ragu ban yarda a cire birkin baya ba, kuma duk sanda ya kai keken a sa masa iska Baba yana maƙala sifanar ya gwada zoben.